Gurbi na Biyu a Bayan Motata

Mu tagwaye ne, ni da 'yar'uwata, kuma a gidanmu ba a taɓa shigo da abu ƙwaya ɗaya ba. Takalmi biyu, ɗankwali biyu, har maganin tari idan ɗaya ta kamu, sai Umma ta ɗura wa mai lafiyar cokali ita ma, wai kada ta ga an bambanta. Haka muka tashi a unguwar Nuzla, a nan Jidda. Muka yi aure a wata guda, kowacce aurenta ya ƙare a lokacinsa, muka sake haɗuwa a gidan Umma a Waziriyya, hawa na uku, mun haura arba'in. Ta riga ni zuwa duniya da 'yan mintuna, don haka har gobe "yarinya" take ce mini. Ni kuma ba na ce mata Yaya sai ina neman wani abu a wurinta.

Ƙodarta ta gaza shekara biyu kafin abin da zan faɗa. Asabar, Litinin da Laraba nake kai ta wankin ƙoda, kuma dominta na koyi mota da girmana. Sauran ranakun tana ɗaki, ga ƙaiƙayi, ga rashin barci, ruwan sha ma a ƙididdige. Ana cikin haka likita ya dubi sakamakon jinina ya ce sukari ya fara leƙowa, in motsa jiki ko in bi sahunta. Ba na son yawo a Kornish, titin bakin tekun cikin gari, cikin cunkoso, mutane na kallon yadda kake haki. Sai na sayi keken lantarki, irin mai ƙatuwar taya da ke tafiya a kan yashi, don in riƙa zuwa can kudu bakin teku inda ba kowa.

Na so in sayi biyu. 'Yar'uwata ce ta hana.

"Kada ki sayo min abin da zai tsaya a lungu yana kallona," ta ce. "In na miƙe, ni zan zaɓi nawa. Ba irin wannan baƙin naki mai kama da jakin gawayi ba."

Wannan keken shi ne abu na farko da na taɓa mallaka ita ba ta da irinsa. Na ajiye shi a ƙarƙashin bene, kuma duk wucewar da zan yi ta kusa da shi sai na ji kamar na ci amana.

Matsalar ita ce yadda zan kai shi bakin teku. Ya haura kilo talatin, ba ya shiga but, ni kuma ba zan tuƙa shi a kan babban titi ba, ina son raina. Aka kwatanta min wata warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Kurayyat, ta wani dattijo Bahaushen Sudan da ke haɗa wa motoci galas, wato ƙarfen nan na ƙarƙashin bamba da ake jan tirela da shi, kuma yana sayar da mariƙin keke da ake sokawa a bakin ƙarfen. Na je da shirin faɗa, don na saba masu warsha su ga mace su fara yi mata bayani kamar ga jaririya. Shi bai yi haka ba. Ya gaishe ni da Hausarsa mai ja, ya kwanta a ƙarƙashin mota ya auna bakin galas, ya fito ya ce in sauko da keken daga motar ɗaukar kayan da na yi haya ya gani da idonsa.

Iri uku ya nuna min. Akwai na rataya, wanda ake sagala keke a jikin hannaye biyu. Ya ce in manta da shi, na kekunan yara ne, nawa zai lanƙwasa shi kafin in fita daga Jidda. Akwai na saman mota, na ce masa ni da ko buhun shinkafa ba na iya ɗagawa zuwa kafaɗa. Sai na uku, mai faranti, wanda keke ke tsayuwa da tayoyinsa a cikin kwari, a ɗaure su da maɗauri, wani hannu kuma ya danne tayar gaba daga sama. Ko a cikinsu ma ya ce yawanci kwarinsu siriri ne, tayata mai faɗin tafin hannu ba za ta zauna ba. Ya fito da masu faɗin kwari guda biyu, dukkansu da ɗan gangare da ake tura keke a kai ba sai an ɗaga ba, dukkansu suna kwantawa baya a buɗe but. Bambancinsu ɗaya ne. Wannan na keke guda, wancan na biyu.

"Keke nawa gare ki, Hajiya?"

"Ɗaya."

"To, halas, shi ke nan. Ga naki nan. Ya fi sauƙi, ba ya leƙowa baya da yawa, kuma motarki ƙarama ce. Ki riƙa cire batir ki sa a ciki, ki wanke gishirin teku duk dawowa. Zan mayar miki da lambar mota inda za a gan ta, kada ki sha tara."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Na tsaya ina kallon na keke gudan, sai na ga kaina ina shiga layinmu da shi, 'yar'uwata kuma tana leƙowa ta taga tana ganin na yi wa kaina wuri ni kaɗai. Na ce ya haɗa min na biyun. Ya ce ai nauyin banza zan riƙa ja. Na ce masa motar tawa ce ko tasa? Ya yi dariya ya ce tayyib, ya ɗauko sifana.

Da na dawo gida, 'yar'uwata ta leƙo ta ga gurbi biyu, na ga bakinta ya motsa. Umma ce ta sauko har ƙasa da sandarta, abin da ba ta cika yi ba. Ta zagaya motar, ta sa hannu a cikin kwarin da ba kowa.

"Wannan fa, me za ki ɗora?"

"Na Yaya ne, in ta samu sauƙi."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan ba komai, Umma."

Ta girgiza kai. A hanya aka haifi Umma, lokacin da iyayenta ke tahowa aikin hajji a ƙasa, shekara da shekaru suna tafe suna yada zango suna noma suna ci gaba. Ba ta tuna tafiyar sosai, amma ta riƙe dokokinta kamar jiya aka karanta mata. Ta ce a ayarinsu ba a tashi da mangala gefe ɗaya a wofi. In kayan wani gefe sun ƙare, sai a sa dutse a ce an cika. Na ce ai don kada kaya su rinjaya jaki ya faɗi ne, wannan kuwa ƙarfe ne. Ta ce wannan dalilin da ake gaya wa yara ke nan. Hanya ba ta ganin gurbi ta ƙyale shi, in ba ka cike shi ba ita za ta zaɓa maka wanda zai hau. Na yi mata kunnen uwar shegu, na ce rana ta yi zafi ta koma sama.

Juma'a da sassafe nake fita, lokacin gari na barci, titi fayau. Ranar farko na bi hanyar kudu har gine-gine suka ƙare, na sauka daga kwalta na bi wata hanyar ƙasa zuwa inda ruwa ke kwance ba igiya. Na yi awa guda ina yawo a kan jiƙaƙƙen yashi, na ji daɗin da na manta akwai irinsa. Da na dawo zan ɗora keke, na tarar maɗauran gurbi na biyu a ɗaure. Da hannuna na naɗe su na cusa a gefe kafin in baro gida. Yanzu ga su an zura kowanne a bakinsa an ja, sun yi baka-baka a sama daidai faɗin taya, ba komai a ƙarƙashinsu. Na duba gabas da yamma, ba mutum, ba sawun mota sai nawa. Na ce wataƙila ni na yi na manta, tsufa ba ya sallama. A hanyar dawowa motar ta riƙa zama ta baya, duk tudun rage gudu da na hau sai na ji ƙarfe ya goga ƙasa.

A gida na tarar da Umma cikin murna. Wai 'yar'uwata ta yi barci tun fitata har ƙarfe goma, barcin da ta yi wata da watanni ba ta samu ba, ta tashi tana neman soyayyen kifi. Na ji daɗi har na rungumi 'yar'uwata, ta ture ni ta ce ina warin rana.

Juma'a ta biyu ma maɗauran suka ɗaure kansu. Da yamma ina yanke mata farce, sai ta ce, kamar mai tambayar farashin tumatir:

"Karen nan mai ƙafa uku, a ƙarƙashin kifaffen kwale-kwalen yake kwana, ko zuwa yake yi?"

Na tsaya da abin yankan a hannu. Akwai wani shuɗin kwale-kwale da ya kife a wurin, akwai kuma kare gurgu da ke kwanciya a inuwarsa. Ban ɗauki hoto ba. Ban ba ta labarin wurin ba ko kalma ɗaya, da gangan, don kada in sa mata kwaɗayin abin da ba za ta samu ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Mafarki na yi, ya ukhti. Kuma ki rage taka birki kamar mai faɗa da ƙasa, kina jijjiga mutum. Tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu, ja-ja, ke ba ki ma gan su ba, kina can kina kallon gabanki."

Tsigar jikina ta tashi. Na ƙarasa yanke farcen, har na ɗan yanke ta. Da mako ya zagayo na duba, tsuntsayen suna nan, can nesa a bayan inda nake ajiye mota.

Na koma wurin dattijon Kurayyat na ce masa abin da ya haɗa min yana jan motata ƙasa. Ya ɗora keken, ya auna tsayin bamba daga ƙasa, ya sauke ya sake aunawa, ya jijjiga ƙarfen da dukkan ƙarfinsa. Ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, komai daidai yake, keke guda ba zai sa wannan motar ta goga ƙasa ba. Sai ya sunkuya a kan gurbi na biyu ya daɗe. Ya sa yatsa ya shafo yashi daga cikin kwarin, ya murza. Kwana huɗu ke nan da zuwana teku, motar tana rana, amma yashin a jiƙe yake.

"Hajiya, wa ke hawa nan?"

"Ba kowa."

"Bari in kwance miki shi. Noti huɗu ne, ba zan karɓi komai ba. Ranar da keke na biyu ya zo sai in mayar."

Zuciyata a kusa take, na sani. Na ce masa ban zo neman duba ba, walda na zo nema, in ba zai iya ba ya faɗa. Bai yi fushi ba. Ya goge yatsansa a riga ya ce Allah ya tsare hanya, kuma har na sha kwana ina hango shi a madubi yana tsaye yana kallon bayan motar.

Gaskiyar magana, ba na so a kwance. Na tsorata, amma 'yar'uwata ta fara dariya. Tana cin abinci, tana tsokanar Umma, tun Laraba take tambaya ko na yi cajin batir. Shekara biyu ina kallon ta tana ƙanƙancewa, sai ga abin da ya dawo min da ita, ko mene ne shi. Ban so in bincika ba.

Abin da na ƙi lura da shi shi ne barcin yana tsawo. Juma'a ta uku sai da aka yi kiran salla ta farka. Ta huɗu na yi nisa fiye da kullum, na bi gaɓar har inda yashi ya koma laka, na manta waya a mota. Da na dawo na tarar Umma ta kira sau goma sha wani abu. Na kira ta, muryarta ba ta fita sosai.

"Ki taho. Ba ta tashi. Na girgiza ta, na yayyafa mata ruwa, ƙafafunta sun yi sanyi. Ki taho yanzu, kuma kada ki tsaya ko'ina."

Ban san yadda na tuƙo motar nan ba. Ina tafe ina kallon madubi, ba abin da nake gani sai kekena da sararin da ke bayansa, ina magana da ƙarfi ni kaɗai, ina cewa Yaya ki riƙe da kyau, mun kusa. Na shigo layinmu, na tsaya, na kashe mota. Umma ta ce tana tsaye tsakanin taga da gado, kuma a daidai lokacin da ƙarar injin ta ɗauke 'yar'uwata ta ja dogon numfashi ta buɗe ido. Da na hau sama na same ta a jingine, leɓunanta sun bushe, tana murmushi. Ta ce yau kam mun yi nisa, kuma ba ta so a juyo ba.

Washegari a wurin wanki na gaya wa ma'aikaciyar jinya an kasa tashin 'yar'uwata. Ta ce jininta ne ya sauka, kuma daga Laraba zuwa Asabar tazara ce mai tsawo, dole Juma'a ta fi yi mata nauyi, a kula. Magana ce ta hankali, na kuma karɓa. Umma ba ta musa ba. Ta ce kawai kurwar da ta koyi hanya, wata rana za ta ga ba dalilin komawa cikin jikin da ke yi mata ciwo. Ta ce ko in cike gurbin nan, ko in daina fita, ko kuma in shirya ɗaukar alhaki.

Daina fita ba zai yiwu ba, ni ma likita na jira na. Ranar Alhamis da la'asar 'yar'uwata ta kira ni ɗakinta ta ce in tura ƙofa.

"Na ji abin da Umma ta ce. Kada ki yi."

"Yaya, saura kaɗan ki tafi."

"To sai me? Ke kin san yadda iska take a bayan motar nan? Ba ƙaiƙayi, ba ƙishirwa. Ina kallon hanya tana gudu tana barina, ba abin da ke min ciwo. Awa uku a mako, yarinya. Bas, iyakarta ke nan. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Ni ce mai roƙo tun muna yara. Na fita, na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka.

Da gari ya waye na ɗauko bulo guda daga ginin da ake yi a maƙwabta. Umma ta sauko, na dasa shi a cikin kwarin, na ja maɗauri a kansa har ya kama. Ta dafa shi ta yi bisimilla ta ce an cika. Ban ɗaga kai na dubi tagar hawa na uku ba. Motar ta tafi sakayau, ba ta goga ƙasa ko sau ɗaya ba duk da nauyin bulon. Na isa bakin teku na sauke keke, na yi 'yan mintuna na kasa, na juyo.

Na same ta ido biyu, kwance a rigingine, ta sosa hannayenta har sun yi fari. Umma ta ce ko gyangyaɗi ba ta yi ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, sannu."

Ba ta dube ni ba.

"Na sauko," ta ce. "Na tsaya a bayan motar ina kallon ku ke da Umma. Kika tayar, na bi ki har bakin titi. Ba wurin zama."

"Don kada in rasa ki na yi."

"Na sani. Kin cece ni, jazakillahu khairan." Ta matsa gefe da ƙyar, ta bubbuga katifa. "Zo ki kwanta nan. Zo ki ga abin da kika cece ni dominsa."

Na cire takalmi na kwanta kusa da ita. Silin fari ne, da ɗan tsagu a kusurwa. Na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a bokiti. A kan durowa ga ɗan kofin da aka yi wa layi, iyakar ruwan da za ta sha zuwa magariba, ta riga ta sha rabi. Ban kai minti ashirin ba na ji ƙafafuna suna son tashi, na ji zan iya tsaga bangon nan da hannu. Ita kuma shekara biyu ke nan, kuma na san gobe ma haka ne.

Ina da damar sauka in kwance maɗauri biyu in jefar da bulon, ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba. Ta san ina tunanin haka, don mun daɗe ba ma buƙatar magana kafin mu san abin da ke ran juna. Ta juyo ta zuba min ido tana jira.

Ban tashi ba. Ba don Umma ba, ba kuma don na tabbata wani abu na hawa bayan motata ba, har yau ban tabbata ba. Son kai ne, kuma na san sunansa tun a lokacin. Na gwammace ta rayu a ɗakin nan tana jin haushina, da in dawo wata Juma'a in kashe mota ta ƙi buɗe ido. Na gaya mata haka, kalma bayan kalma, ina kallon silin don ba zan iya kallon ta ba.

Ta juya min baya, ta ja bargo har kunne.

"To ki tashi min daga gado," ta ce. "Kina warin teku, ba zan iya jurewa ba."